Sunaye Sun Yi Yawa a Kwamfutar Baba

Wata Asabar ce ana dab da ƙaramar Sallah, shekarar da nake CM2, ajin ƙarshe na firamare, ruwan sama na dukan kwanon shagon ɗinkinmu a unguwar Briqueterie, Baba ya kunna kwamfutar da ya sayo a kasuwar Mokolo sai ya yi turus. A cikinta yake ajiye zanen surfanin duk rigunan da mutane suka kawo. Dama yayata Hadiza, wadda ke jami'a, ta saka mata manhajar Linux kusa da ta Windows, kullum baƙin allo yakan fito da sunaye biyu a zaɓi ɗaya. Ran nan sai ga Windows sau biyu, Linux kuwa jere har ƙasa.

Ni aka kira daga wanke-wanke, da kumfa a hannuna, tunda Hadiza ba ta nan, ni ce kuma mai zuwa lekol, wato makarantar boko. Na karanta na sake karantawa, ban gane komai ba. Kafin in taɓa, na'urar ta zaɓa da kanta ta shige Linux, inda babu zane ko ɗaya. Baba ya cire hula ya ajiye a kan keken ɗinki. Mai suyar bakin layi ya leƙo ya ce ƙwayar cuta ce, Inna ta ce haihuwa kwamfutar ta yi, ni kuma na ɗauka akwai wani Baban a wani wuri da yake amfani da Windows na biyun.

Da yamma Hadiza ta dawo daga jami'a a jiƙe, ta ce sai an goge sunayen da suka maimaitu. Baba ya riƙe mata hannu. "In kika goge na gaskiyar fa? Me zan gaya wa masu kaya?" Ta ce, "Baba, suna ne kawai ya ninku, ɗakin ɗaya ne." Bai gane ba, ni ma haka, amma ya saki hannun. Ta yi ta rubuce-rubuce, muna tsaye kamar masu jiran likita. Da ta sake kunnawa, sunaye biyu suka fito, zanensa na nan cif. Sai da ya buɗe kowanne ya gani kafin ya tafi masallaci.

Yanzu Hadiza tana Duwala, Baba idanunsa sun gaza ya bar ɗinki. Gyaran irin wannan ni kaɗai nake yinsa a ofis, babu mai tsayawa a kaina yana tsoro. Na fi kewar lokacin da rashin sani yake tara mu wuri guda.