Rabe Magini da Kangon Turawa

In ka tsaya a Magama, daf da shingen kwastan, ka tambayi gidan Rabe Magini, kafin a nuna maka gidan sai an nuna maka katangu. Rabin katangun unguwar aikin hannunsa ne, kuma da yawansu ba wanda ya sa shi. Mutum ne da ba ya iya wuce tsagaggen bango ya samu barci. Ga shi da wata aƙida mai wahalar da jama'a: ba ya cin tuwon wani a banza. In ka ba shi fura yau, to ka shirya, gobe za ka tarar da shi yana yaɓe maka rumbu. Matarsa Uwa takan ce ko asibiti aka kwantar da Rabe, sai ya tambayi likita ina ne ke yoyo.

Babban amininsa wani Bature ne ɗan Faransa, mai haƙar rijiyoyi a ƙasar Maraɗi. Kowace Lahadi yakan tsallako cin kasuwar Jibiya, shi ya sa aka raɗa masa Ɗanladi har sunansa na asali ya ɓace. Yana jin Hausa kamar jakin Kano, sai dai tasa ta Maraɗi ce, kuma Rabe ne ke ɗaure masa bakin rijiya. Da tsufa ya kama Ɗanladi ya koma ƙasarsu, amma bai manta ba. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina, lokacin da mashaya suka koma sai sun tsallaka Nijar su kashe ƙishirwa, sai ga saƙo wai Rabe ya zo ya ga garinsu. Maƙwabcinsa Ishaya, ma'aikacin shige da fice, shi ya yi ta zirga-zirga har fasfo da biza suka fito. Rabe ya ƙulle kilishi da dakakken yaji, ya soke cokalin gininsa a ƙasan jaka. Uwa ta ce me zai yi da shi a ƙasar da ba a san laka ba, ya ce mahauci ba ya tafiya ba wuƙa.

Garin Ɗanladi ɗan mitsitsi ne, bai ma kai ƙauyen Kusa ba, ga kogi ga sanyi, titi shiru kamar an yi rasuwa. Tarba kuwa ba a magana. Tsohon ya ji labarin Shari'a, don haka ya kwashe kwalaben giyarsa ya kai maƙwabta, naman alade ya bar gidan, kullum sai kifi da burodi da cuku. Rabe na gani ya san bawan Allah ya takura kansa ne dominsa. Abinci na shiga, nauyi na ƙaruwa. Ya nemi shara, inji ke yi. Ya nemi faskare, an riga an yi. Ranar komawa na matsowa, shi ko tsinke bai ɗaga ba. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya koma Magama ya ce wa Uwa me? Ya je ya ci ya kwanta kamar ragon layya?

Sai Ɗanladi ya fara fita da shi ganin wuraren tarihi. Da farko kan wani dutse suka hau, ga gidan sarautar mutanen da, rufi babu, hasumiya ta dare biyu, ciyawa ta tsiro a tagogi. Kashegari wata tsohuwar majami'a, ginshiƙai a tsaye, sama a buɗe. Sannan wata gadar duwatsu da ta ƙare a tsakiyar ruwa. Duk inda suka je, Ɗanladi sai ya tsaya ya goya hannu, ya daɗe yana kallo, ya yi ajiyar zuciya.

To, a ƙasar Jibiya wannan cikakkiyar magana ce. In damina ta kayar wa mutum da katanga, ba ya buɗe baki ya ce wa magini taimake ni, da kunya. Jansa yake su zaga, ya tsaya gaban ɓarakar, ya yi shiru, ya nisa. Magini mai hankali ya gane sauran. Tausayi ya kama Rabe, daɗi kuma ya rufe shi. Ashe abin da ya sa aka kira shi ke nan. Bayin Allah, gari guda ba magini, ga kunya ta hana su faɗa.

Da gari ya waye ya ɗauki cokalinsa da bokitin wanki ya hau dutsen. Hasumiya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ya fara da wata 'yar katanga ta bakin ƙofa. Ya samo jar ƙasa a gefen hanya, ya kwaɓa da busasshiyar ciyawa, ya tattaro duwatsun da ke zube ya shiga jerawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya kai ta ƙugu, har ya fara shafe. Yana cikin 'yar waƙarsa ta aiki motar masu yawon buɗe ido ta iso. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Mai gadin wurin ya taho a guje yana zuba Faransanci, Rabe ya ɗaga masa cokali yana murmushi, ya ci gaba da shafensa. Can sai ga jandarma, 'yan sandan ƙasar.

Ɗanladi ya iso da silifas, ya yi ta ba da haƙuri har aka sallame su, bisa sharaɗin a mayar da kowane dutse inda aka ɗauko shi. Rabe da hannunsa ya rushe aikinsa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kama sana'a. A hanya tsohon ya yi masa bayani, wai yaƙi ne ya rusa gidan tun zamanin kakannin kakanni, kuma haka ake son ganinsa, ɓarakar ce ma ke kawo mutane daga nesa. Rabe ya ce ai su ma ganuwar Katsina ta zaizaye, amma shi bai taɓa jan baƙo ya nuna masa tsiraicin gari ba. Ɗanladi ya yi dariya har da hawaye. Da ya waiwaya sai ya ga abokinsa ba dariya yake ba.

"Ɗanladi, na ci tuwonka, na sha ruwanka, ka bar abin shanka domina," in ji Rabe. "Abu guda na iya a duniya, shi ma ga shi ya zama laifi. Da wace fuska zan tahi gida?"

Haka suka isa. Maimakon ƙofar gaba, sai tsohon ya ja shi ta bayan gidan, ya yaye wani tamfol da aka danne da itace. Katangar lambu ce ta zube kusan rabi, duwatsunta sun danne furannin da matarsa ta dasa kafin ta rasu. Tun sanyin bara katangar ta faɗi. Bayansa ba ya barinsa ya sunkuya, ɗansa da ke birni kullum sai ya ce yana nan tafe, shi kuma da ya ji baƙo zai zo sai ya lulluɓe ta don kunya.

"Wagga ba ta tarihi ba ce," in ji shi a hankali. "Ta tsufa ce."

Rabe bai ce masa sannu ba, don kada ya ƙara masa nauyi. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya fara ɗauke duwatsun daga kan furannin a hankali. Bai ko ɗago kai ba ya ce wa Ɗanladi ya je ya ɗora tukunya, kuma ya cika ta, don yau zai ci har da ƙari.