Ranar da Aka Ari Rishon Dafa Allura

Ban gama firamare ba, kuma ba na ɓoyewa. Da ɗan abin da na iya na samu aikin leburan asibiti a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, a ƙauyen da aka maido mu tsakanin Talata Mafara da Bakura, bayan ruwan dam ya cinye gonakinmu na wajen Maradun. Aikina shara, ɗebo ruwa, da dafa allura.

Yaran yanzu ba su san ana dafa allura ba. A lokacin sirinji na gilashi ne, allura ta ƙarfe, kuma wadda aka soka wa wani ita za a soka maka. Sai in warware sirinji, in wanke da sabulu, in tura ruwa ta cikin allurar har ya fito tas. In goga bakinta a auduga. In ta kama zare, ta lanƙwashe ke nan, sai dutsen wasawa. Daga nan a zuba su tukunya a ɗora kan risho, su tafasa, su yi ta tafasa, kafin a tsamo da hantsaki. Malamin asibitinmu, wanda kowa ke kira likita, shi ya koya mini. Shi ne ya ce ruwan da bai tafasa ba, da shi da ruwan kwata duk ɗaya. Ku riƙe wannan, shi ya faɗa da bakinsa.

Risho ɗaya gare mu.

Daminar nan sauro ya yi yawa a bakin kanal, magudanar ruwan dam, zazzaɓi kamar rabo. Su kuwa mutanenmu, in ba ka soke su ba, ba ka yi musu magani ba. Wata safiya, layi har bakin hanya, sai ga ɗan aike daga gidan mai gari. Ana suna, baƙi na tafe daga birni, wai ba su son abinci mai warin hayaƙi. A ba da aron risho.

Na ce, "Likita, da mi za mu dafa allura?"

Ya kalli ƙasa. Baƙo ne shi, a ɗakin da mai gari ya ba shi yake kwana. Ya ce, "Haba, ana hana maƙwabci aro? Balle mai gari? Nemo itace."

Itace ina? Injinan aikin dam sun tuge itatuwan wajen tun tuni, abin da ya rage kuma ruwan sama ya jiƙe shi. Na tattaro kara da busasshen kashin shanu, na durƙusa ina hura wuta, hayaƙi ya cika mini ido. Ruwa ya yi ɗumi, ya tsaya nan. Ko ƙwai ba zai dafa ba. Layi ya fara gunaguni, wani tsoho na buga sanda a ƙofa. Sai likita ya zo, ya ɗauki hantsaki, ya fara tsamowa.

Na ce, "Bai tafasa ba."

Ya ce, "Na gani. Ka fita ka gaya musu su tafi gida in ka isa."

Na fita, ina ɗaga kai sai ga yayana a layi, ya naɗe da zane yana rawar ɗari. Uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da gona ta tafi, haƙan kanal yake yi, ƙafafunsa su ke ciyar da gidansa. Na ja shi gefe.

"Yaya, kar ka karɓi allura yau. Karɓi ƙwaya, ka dawo gobe."

"Ƙwaya? Ni jariri ne?"

"Allurar ba ta dahu ba."

Ya yi dariya duk da zazzaɓin. "Dankali ce? Kai tun da ka fara share ɗakin wanga ka zama bature. Gobe in ban fita ba, fomen mai kula da leburori ya sa wani a gurbina. Matsa."

Ƙane ba ya jan wa da ƙarfi a gaban jama'a. Na matsa. Aka soke shi a ɗuwawu, ya fito yana ɗingishin jin daɗi, wai wannan ta shiga.

Kafin kasuwa ta zagayo wurin ya kumbura, ya yi tauri, zafi kamar garwashi. Ƙurjin ya yi ciki, ya gangara cinya. A bayan akori-kura muka kai shi babban asibiti a Talata Mafara, aka tsaga, aka kwashe abin da ba zan rubuta ba. Ya rayu, amma ƙafar ta sandare. Gurbin da yake tsoron rasawa na yini guda, ya rasa shi har abada. Ba shi kaɗai ya kumbura ba, nasa ne dai ya fi muni.

Rishon kuwa ya dawo washegarin suna, an goge shi yana walƙiya, da kwanon masa da nama a kai, don ba a maida kayan aro hannu wofi. Likita ya turo mini kwanon, wai in ɗebi rabona. Ban taɓa ba, shi ma bai ci ba. Ƙudaje suka ci.

Abin da ke tafasa mini zuciya har yau, babu wanda ya ce an yi laifi. Masu zuwa dubiya suka ce ƙaddara. Na ce ƙaddarar tana da hannu biyu, na ga lokacin da ta ɗauki risho ta fita. Aka ce in yi istigfari, ba ni da ladabi.

Mai gari da kansa ya zo gaida yayana. Ina tsaye a bakin zaure ina kallo. Yaya ya dafa bango zai durƙusa, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada, ya sake gwadawa, zufa na keto masa. Ƙarshe ya ce, "Ranka shi daɗe, a gafarce ni, ƙafar ce."

Mai gari ya ce ba komai, ya yafe masa.