Reshen zogale da kwamfutar 'yata

Shekarun baya, a wata damina da malaman jami'a suka tafi yajin aiki, 'yata ta biyu ta dawo gida da akwatinta da wata tsohuwar kwamfuta da ta sha ɗauri da salatif. Ba a yi sati biyu ba muka ga yarinya ta canja. Da an kawo wuta za ta zauna ta zuba wa wani zane ido, mai launuka, a murɗe kamar katantanwa, tana ta kutsawa cikinsa shi kuma ba ya ƙarewa. In an ɗauke wuta ta ɗauki biro ta cika takarda da 'yan rassa. Abinci ya huce a gabanta. Sai an kira ta sau uku take amsawa.

Gwaggonsu, yayar maigidana, ta zo daga Madalla, ta leƙa abin sau ɗaya ta ja da baya tana neman tsari. Ta ce mutanen ɓoye ne ke jan yarinyar ta cikin gilashi. Maigidana kuwa kullum a gajiye yake dawowa daga aiki Abuja, ba shi da ƙarfin dogon bincike. Ya ce ranar Asabar Gwaggo ta zo ta kai ta wajen mai ruƙiyya, kwamfutar zai kulle ta, makaranta kuma ko an janye yajin aikin ba za ta koma ba sai ya ga ta dawo daidai.

Ni ma na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Har tofi na yi wa kwamfutar nan da yarinyar ta shiga wanka.

Ranar Laraba da hantsi na ja kujera na zauna kusa da ita, na ce ta nuna mini abin da take kallo. Ta dube ni idonta ya kawo ruwa, ta ce duk gidan ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce lissafi ne, aikin da za ta gabatar a makaranta, sunansa firaktal. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na haifi 'ya'ya huɗu, lissafina bai wuce haɗawa da ɗebewa ba, na ce ta yi mini da Hausa.

Ta ɗauko tsohon littafin rubutuna da fensir ta ba ni. Ta ce in ja layi ɗaya a tsaye. Na ja. Ta ce a samansa in fitar da layi biyu, gajeru, ɗaya dama ɗaya hagu. Na yi. Ta ce to kowane kai na samu in sake yi masa haka.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan, Mama. Ki ci gaba kawai."

Na ci gaba ina lasar bakin fensir kamar yadda na saba a aji. A zagaye na shida na ɗaga hannu, sai ga bishiya a tsaye a kan takardata, da rassanta da komai. Ni ban zana bishiya ba, ban ma iya ba. Abu ɗaya na yi ta maimaitawa. Ta ce kwamfutar ma abin da take yi ke nan, sai dai ita ba ta gajiya, shi ya sa duk inda ka kutsa za ka tarar da ƙaramin abin da ka baro.

Da la'asar na zauna tsinke zogale don kwaɗo. Na ɓalle reshe daga babban reshe, sai hannuna ya tsaya. Ƙaramin da ke hannuna kamarsu ɗaya da babban. Na sake ɓalle na jikinsa, shi ma haka. Shekara nawa ina tsinke zogale, tun ina gaban mahaifiyata, ban taɓa gani ba. Na zauna ina ta tasbihi har tukunyar ruwa ta kusa ƙonewa.

Ranar Juma'a da maigidana ya dawo masallaci na ajiye masa reshe ɗanye a faranti. Ya kalla ya ce, "Yau kuma akuya aka mai da ni?"

Na ce, "Malam, ɓalle ɗaya ka gani."

Ya ɓalle. Na sa ya ɗora shi kusa da babban, ya sake ɓallewa. Sannan na buɗe masa bishiyata ta fensir, na kira 'yata ta kawo kwamfutar. Tana nunawa ta ce haka hanyoyin iska suke a huhun mutum, haka walƙiya take rabuwa. Ya juya bayan hannunsa yana kallon jijiyoyinsa, ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya ce a kira Gwaggo a gaya mata ta zo gobe, amma kwaɗo za ta ci ta koma. Sharaɗi ɗaya ya kafa, in an zuba abinci a rufe kwamfuta.

Gwaggo ta zo, ta ci kwaɗo, ta ƙi kallon gilashin har ta tafi. 'Yata ta koma makaranta ta gama.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, daga baya na gane tsoron da ya kama mu ma haka ya girma. Layi ɗaya ne, yarinya ta yi shiru. Sai kowa ya fitar masa da rassa biyu, in kuma kaza ne fa, in kuma kaza ne fa, har ya zama bishiyar da ta kusa rufe mata hanyar karatu. Yanzu in damuwa ta fara yi mini rassa, nakan bi ta a hankali in koma layin farko.

Har yau in an yi ruwa nakan tsaya a ƙofar gida in kalli yadda yake rarrabuwa a gangaren lungunmu, ƙarami cikin babba. Zogale kuwa an daina ba ni tsinkewa in ana sauri. Jikokina sun ce kallonsa nake yi.