Ajin Yamma a Gaban Katafila

A shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Ikko zuwa Abuja aka tura ni koyar da manya karatu a wani ƙauyen Gbagyi, waɗanda mu muka saba kira Gwarawa. Ƙauyen yana gindin wani dutse, kuma daga bakin gonakin doya ana hango jar ƙasar da katafila ta tone don sabuwar hanya.

Kafin a tura mu sai da aka yi mana kwas a Gwagwalada. Malamin da ya koyar da mu ya ce koyo hawa-hawa ne. A fara da wasula, a bi da baƙaƙe, kada a tsallake ko ɗaya, kuma duk wanda ya amsa daidai a saka masa nan take, domin abin da aka saka wa mutum a kansa shi yake maimaitawa. A kan wannan ra'ayi aka tsara littafinmu. Aka ba kowannenmu kwalin sabulu da ƙullin gishiri na rabawa.

Ajin nawa rumfar zana ce, muna zama bayan la'asar. Akwai manoman ƙauyen, akwai kuma leburorin da suka zo daga arewa suna aiki da kamfanin hanya. Da farko rumfa ta cika. Ina cewa "a" suna cewa "a", ina miƙa sabulu. Da kwalin ya kusa ƙarewa, sai benci ya fara yin fili. Manoman ma hankalinsu ba ya wurin, tunda 'yan safiyo sun riga sun kafa turaku a cikin gonakinsu, an kuma ce za a tashi ƙauyen.

Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane da ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa buɗe baki ta maimaita komai ba. Takan sauke itacen da ta ɗauko a kafaɗa, ta zauna a ƙarshen benci ta zuba wa allo ido. Wata rana na miƙa mata sabulu don in ja ta, ta mayar mini.

"Malam, ni bai zo don sabulu ba," in ji ta da irin Hausarta.

"To, Mama, me ya kawo ki?"

"Sunan mijina. Koya mini shi kawai. Sauran ka riƙe."

Ta ce mijin ya rasu da daɗewa, kabarinsa na bayan ɗakinta kamar yadda suke binne nasu. Ta lura masu hanya suna kauce wa duk abin da ke da rubutu a jiki. Tana so ta rubuta sunansa ta kafa a kan kabarin. Na ce ai sai in rubuta mata yanzu. Ta girgiza kai, ta ce hannun da ya yi masa tuwo shi zai rubuta.

Sunan ya fara da harafin da ke can ƙarshen littafinmu. In aka bi tsari, sai bayan damina za mu kai gare shi. Na rufe littafin, na rubuta sunan a allo da manyan baƙaƙe.

Washegari na tambayi kowa kalmar da yake so ya fara iyawa. Wani ya ce sunan ƙauyen. Wani ya ce sunan mahaifinsa. Wani lebura, dogon mutum mai shiru-shiru daga ƙasar Katsina, ya ce shi ba shi da zaɓi, zai bi tsohuwa su koyi nata tare. Daga waɗannan sunaye muka riƙa ciro haruffa muna haɗa wasu kalmomi. Babu sabulu, amma rumfa ta sake cika, har wasu na tsaye. Tsohuwar ba ta iya riƙe alli ba, sai ta riƙa zana da tsinke a kan ɗanyen yumɓu, in ta ɓata ta shafe da yatsa.

Jami'in da ke duba mu ya zo ya tarar da haka. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce jarrabawa daga littafi za ta fito, kuma ajin da bai bi tsari ba ba za a sake aiko masa da kaya ba. Na ce na ji. Ba a sake aikowa ba kuwa.

Tsohuwar ta iya sunan kafin a fara tonon doya. Ta yi faifan yumɓu mai kauri, ta zana sunan a kai, ta gasa tare da tukwanenta, ta kafa a kan kabarin. Ta kira ni na je na gani. Haruffan sun karkace, amma kowa zai iya karantawa.

Ba a daɗe ba motoci suka zo suka kwashe mutane zuwa sabon matsuguni, wasu jerin ɗakunan bulo a fili mai tsakuwa. Ban ga rushewar ƙauyen ba. Leburan nan ne ya ba ni labari, domin yana cikin waɗanda aka sa su share gaban katafila. Ya ce yana cikin kwashe itatuwa sai ya ga faifan, bakinsa ya karanta sunan tun kafin ya yi tunani. Shi ne abu na farko da ya taɓa karantawa a wajen aji.

"Na ce wa oga, ranka ya daɗe, akwai mutum a nan, ga sunansa," in ji shi. "Ya ce in matsa ko in ajiye aiki. Malam, ina da iyali a gida. Na ciro abin na matsa."

Shi da kansa ya kai mata faifan. Ta karɓa, ta yi masa sannu, ta shiga ɗaki.

Na sake kafa rumfa a sabon wurin. Na bi ɗaki-ɗaki ina tambayar mutane kalmar da suke so su koya. Yawancinsu suka ce sai sun sami gona tukuna. Da na isa ƙofar tsohuwar na yi sallama, ta fito ta zauna a dokin ƙofa. Ta rame. Ta ce ƙasar wurin ba ta yin tukunya, ta gwada duk ta fashe.

"Mama, ki dawo aji. Yanzu sai mu koyi naki sunan."

"A'a, ɗana," ta ce. "Wa zai karanta?"

Na zauna tare da ita har rana ta yi sanyi, sannan na yi mata sallama.

Da damina ta faɗi, wani ɗan ƙanenta ya zo ya tafi da ita ƙauyen Paikon Kore. Leburan ya bar zuwa aji shi ma, daga baya na ji kamfani ya sallame su da hanya ta ƙare. Aka rufe ajin saboda rashin ɗalibai, aka mayar da ni wata firamare a Jikwoyi, inda 'ya'yan ma'aikatan da suka taso daga Ikko suka yi wa malamai yawa.