Ƙyauren Gonar Dattijo Vernon

Har gobe ban manta da ranar Asabar ɗin da muka yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan hanyar ƙanƙara ba, kuma duk sabon ma'aikacin da ya tambaye ni abin da ya fi wuya a aikin nan, labarin nan nake ba shi. Lokacin ina jami'in kula da hanyoyin cikin daji a shiyyar yammacin Maryland, can cikin duwatsu. Iyalina suna Wheaton, ni kuwa da hunturu ya kama sai in tare a wurin aiki, in riƙa leƙo su idan na sami sarari.

Bari in yi wa wanda bai san wurin ba bayani. Idan dusar ƙanƙara ta rufe daji, mutane iri biyu ne ke fitowa. Akwai 'yan zamiya, masu ɗaura dogayen katakai sirara a ƙafa, su riƙe sanda biyu suna tura kansu. Yawancinsu daga Washington da kewaye suke zuwa, lauyoyi da likitoci da malaman jami'a, wai shiru suka zo nema. Akwai kuma 'yan babur, masu hawa wani inji da aka ƙera don gudu a kan ƙanƙara. Su 'yan gari ne, kafintoci da direbobin tirela da manoma, kuma tsakaninsu da shiru ko gaisuwa babu. Duka hanya ɗaya suke bi. 'Yan babur ne ke sare itatuwan da suka faɗi, su jawo wani faffaɗan ƙarfe su daɓe ƙanƙarar ta kwanta. 'Yan zamiya kuma su bi gefe su fitar da layi biyu kamar sawun amalanke, wanda katakansu ke bi. Babur ɗaya ya hau layin nan, aikin safiya ya lalace.

Dajin gwamnati kashi biyu ne, abin da ya haɗa su kuwa gonar wani dattijo ce mai kiwon shanu, sunansa Vernon. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birane. In ba ta gonarsa ba, babu hanya, domin gefe guda kwari ne, ɗaya gefen dutse. Hukuma ta sha roƙonsa ya sa hannu a yarjejeniya, ya ce shi ba ya sa hannu a kan ƙasar kakansa. Tsarinsa shi ne, kowace kaka a je gidansa a zauna a kicin, a sha kofi, a tambayi lafiyar shanu, sannan a roƙi hanya kamar ba a taɓa roƙa ba. Sai ya ce to, bana ma ku wuce, ya je ya buɗe ƙyauren da hannunsa.

Abokan aikina suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni da na taso a ƙauye ban ga abin mamaki ba, don na san mai aron gona yakan koma kowace shekara ya gaida mai gona da ɗan damin hatsi, kowa ya san mai abu. Haka zuwa gidan Vernon ya zama aikina. A kakar waccan shekarar ya ce mini ya fara jin hayaniya, shi kuma ba ya son rigima a ƙofarsa. Na ba shi hannu, na ce muddin ina kan kujerar nan ba wanda zai kawo masa raini a kan gonarsa. A kan wannan alkawari ya buɗe ƙyauren.

Rigimar kuwa, in gaya muku gaskiya, ta ƙoshi ce. A gida na ga manoma da makiyaya suna faɗa a kan burtali, kuma na san abincin 'ya'yansu suke karewa. A nan ƙarti ne da furfura suke zagin juna a kan abin da zai narke ya bi rafi kafin watan Afrilu. 'Yan babur su hau layin 'yan zamiya da gangan, su waiwayo suna dariya. 'Yan zamiya su jeru su tare hanya, su yi kunnen uwar shegu da ƙarar injin da ke bayansu. Shugaban 'yan babur, wani ƙato mai gemu da ake kira Rick, kullum yana ofishina yana buga tebur, wai su ne ke gyaran hanya, baƙi sun zo suna yi musu iyayi. Su kuma baƙin suna kukan hayaƙi, alhali kowannensu da jibgegiyar mota ya zo daga birni.

Ana cikin haka aka zaɓi sabon sakataren ƙungiyar 'yan zamiya, sai na ga ashe Dakta Habibu ne. Likitan zuciya ne, gidansa a Bowie, mun sha haɗuwa a sallar Idi da walimar suna. Mutumin kirki ne a asibiti, ban raina masa wannan ba. Amma mutumin da sai da ya kusa shekara talatin kafin ya ga ƙanƙarar da ba ta firji ba, shi ne ya wayi gari yana yi wa 'yan duwatsu lacca a kan yadda ake taka ta. Dalilin zafinsa kowa ya sani. Wata safiya babur ya wuce shi da gudu, ya tsorata, ya faɗa rami ƙafafu a sama, wasu samari suka yi ta dariya. Ko ƙwarzane bai samu ba, girmansa ne kawai ya zube, kuma ya rantse sai an kori babura daga dajin.

Ana saura 'yan kwanaki zaman, ya kira ni a waya.

"Malam Lawal, ina gajiya? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Likita, ranka ya daɗe. Ya marasa lafiya?"

"Sai godiya. To, kai namu ne, shi ya sa na kira ka kai tsaye. Wannan mitin na weekend, muna so ka tsaya mana. Lauyanmu ya duba case ɗin. Ya ce hanyar da jama'a suka daɗe suna bi, doka na iya mayar da ita ta jama'a. Har ta cikin gonar nan."

Na ce, "Likita, don girman Allah kar ka furta wannan a bainar jama'a. Hanyar nan aro ce. Kai ma ɗan ƙauye ne kamar ni. A garinku, wanda aka ara wa gona ya tashi a dandali ya ce ta zama tasa, me ke biyo baya?"

Ya yi dariya irin ta manya. "Haba Malam, nan Amurka ce, ba ƙauye ba. Akwai doka, akwai rights. Ka bar wannan tsohon tunanin."

Na ce masa lauyan ma bai san ana roƙon izini kowace shekara ba, kuma wanda ya roƙa ba ya da'awar mallaka. Ya ce zai duba. Yadda ya faɗe ta na san ba zai duba ba.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, kafin a canza yadda ake amfani da wata hanya, dole a kira zaman jin ra'ayi. Daraktar shiyya ce ke shugabanta, jami'in hanya ya gabatar da shawararsa, sannan duk mai magana a ba shi 'yan mintoci. A zauren 'yan kwana-kwana na garin muka yi, wuri ya cika maƙil. Shawarata mai sauƙi ce: a raba faɗin hanyar, dama ta babura, hagu ta katakai, a kuma rage gudu a kwanoni. Ina cikin bayani na hango Vernon ya shigo ya zauna a kujerar ƙarshe, da tsohuwar rigar sanyinsa mai warin shanu. 'Yan birnin da ke kusa suka ɗan ja kujerunsu, a cikinsu ba wanda ya san ko shi wane ne.

Ba a ma tsaya a kan shawarata ba. Wata malamar jami'a ta ce babura suna tayar wa barewa hankali. Wani ɗan babur ya ce barewar ba ta kai ƙara ba. Aka yi ta yi, kowa na tafa wa nasa. Sai Dakta Habibu ya miƙe, da rigarsa mai tsada, ya gyara murya. Na kafa masa ido ina girgiza kai, ya kau da fuska. Ya ce daji na kowa ne, kuma a daina tsorata su da zancen wani mai gona. Ya ce jama'a sun bi hanyar nan shekara da shekaru, don haka a doka ta riga ta fita daga hannun mai ita, in ya musa kuwa kotu na nan. 'Yan birni suka tafa kamar ya ci ƙwallo.

Na ɗauka ɓarnar ta ƙare, ashe da saura. Rick, da bai ga shigowar Vernon ba, ya zabura ba tare da an ba shi dama ba, ya ce, "Ku yi ta surutu. Tsohon nan a aljihunmu yake. Abin da muka ce masa shi yake yi, in mun ga dama gobe mu sa ya kore ku."

Vernon ya miƙe a hankali, ya sa hularsa, ya fita. Na bar darakta a kan tebur na bi shi da sauri, na cim masa yana buɗe tsohuwar motarsa. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Ya ce, "Lawal, ɗaya ya ce ƙasar ba tawa ba ce, ɗaya ya ce ni nasa ne. Kai kuma ka ce ba wanda zai raina ni." Na ce haka ne, na faɗa. Ya gyaɗa kai ya ja motarsa. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe sarƙa ce da kwaɗo a jikin ƙyauren. Hanyar ta rabu gida biyu, kowane gutsure bai isa a ɗaura katako ko a tayar da inji dominsa ba. Garin neman gira aka rasa ido. Hukuma, kamar yadda ta saba, ta kafa kwamiti, kwamitin ya zauna ya gano cewa ƙyauren a rufe yake. Rick ya zo ofishina ya ce laifin baƙi ne. Likita ya kira ya ce laifin 'yan gari ne, sannan ya ƙara da cewa, "Malam, tunda kuna shiri da shi, ka je ka ba shi haƙuri mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, bakin da ya yi ɓarna shi ke gyara. Ka tako da ƙafarka ka zauna a kicin ɗinsa." Ya ce ai schedule ɗinsa ya cika. Daga baya na ji ya aika da kwandon 'ya'yan itace ta kamfanin kai saƙo. Rick kuwa, da gidansa ke kusa da gonar, ko wannan bai yi ba.

Da kaka ta zagayo na je gidan Vernon kamar kullum. Ya zuba mini kofi, na tambayi shanu, ya ce lafiyarsu ƙalau. Na buɗe baki zan roƙi hanya, ya ɗaga mini hannu. Ya ce kusan shekara guda yana jiran Likita ko Rick ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, ba wanda ya zo. Sai ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ce, "Wannan naka ne kai kaɗai. Ka wuce duk lokacin da ka so." Ni da ban taɓa ɗaura katako a ƙafa ba, ban taɓa hawa babur ɗinsu ba, ni aka ba hanyar.

Abin da na koya ke nan, ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan. Mutanen da muke yi wa hidima sun haddace haƙƙinsu kamar karatun allo, amma kaɗan ne suka san yawancin inda suke takawa alfarma ce aka yi musu. Kuma kada ka taɓa yin alkawari a kan bakin wani, domin naka kaɗai kake iya riƙewa. Makullin yana hannuna har yau. Ƙanƙara tana sauka a hanyar nan kowace shekara ta kwanta fes, ba mai taka ta sai shanun Vernon.