Zarton Mutum Biyu

Duk wanda ya san Birnin Gwari kafin a gina sabuwar unguwar bakin kogi ya san Bakoji, ko da bai taɓa jin muryarsa ba, don magana tsada take yi masa. Da can wurin filin wani kamfanin katako ne. Daga daji ake jawo gungumen maɗaci, a ɗora shi a kan rami mai zurfi, mutum biyu su tsaga shi da dogon zarto. Ɗaya yana sama yana ja, ɗaya yana cikin rami yana saukewa, garin katako na zuba masa a ka. Bakoji ne na rami. Na samansa Enoch ne, mutumin Kusasu, mai surutu kamar ya haɗiyi rediyo.

Shekara goma sha ɗaya suka yi a kan zarto guda. In Enoch ya kwana da ɓacin rai, a hannu Bakoji yake ji tun gungume bai kai rabi ba.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai kamfanin ya tattara nasa ya nasa. Enoch ya ce zai gwada masaƙa a Kaduna. Ana ɗora kayansa a mota ya miƙa wa Bakoji zarton, ya ce, "Riƙe mana, ɗan'uwa. Ina nan dawowa, a bakin ramin nan zan same ka." Irin maganar da ake yi a tasha ce, kowa ya sani. Bakoji kaɗai ya ɗauke ta alkawari.

Ciyawa ta cinye filin, aka kwashe kwanon rumfuna. Shi kuwa ya kafa bukka a gefe, yana ɗan noma dawa. Kowace Juma'a sai ya wasa haƙoran zarton ɗaya bayan ɗaya, ya shafe shi da man kaɗe, in damina ta wuce ya kwashe laka daga ramin. Wani mai yankan katako daga Kuyello ya taɓa neman su haɗa hannu. Yini ɗaya suka yi, Bakoji ya ce hannu bai zo ɗaya ba. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ba ma kamar da hantsi ba, lokacin da a da zarto kan fara kuka, yanzu sai ƙarar ruwa.

A shekara ta goma sha huɗu da tafiyar Enoch ƙaramar hukuma ta yanke shawarar raya wurin: rumfunan kasuwa, tashar mota, layin gidaje da ɗakin shan magani. Malam Yusha'u, ma'aikacin safiyo, ya ba Bakoji rumfa a bakin hanya, wadda kowa ke hanƙoro.

"A bar mini ramin," in ji Bakoji.

"Baba, nan motoci za su riƙa juyawa."

"Akwai wanda zai neme ni a nan."

Ya kuwa zo. Wata safiya motar ɗan kwangila ta sauke leburori, shugabansu ya diro da tumbi da takalmi sau ciki. Enoch ne. Ya rungume Bakoji yana kiran sunansa, har idon tsohon ya kawo ruwa.

"Kai, ɗan'uwa! Har yanzu ramin nan bai cike ba? Yau za mu huta da shi."

Bakoji ya shiga bukka ya fito da zarton yana ƙyalli, ya nuna wani gungume da aka kayar jiya, ya ce, "Hau mu ja, ko tsaga ɗaya ce."

Enoch ya tuntsire da dariya. "Ina! Bayana ya tafi. Yanzu zarto mai inji ake yayi, mutum ɗaya ya isa." Ya shafa haƙoran da yatsa, ya jinjina kai. "Amma fa ya sha gyara. Wa ya bar maka wannan?"

Bakoji ya karɓe zarton. Aka kira Enoch wajen mota, ya danƙa masa goro ya wuce.

Kafin azahar an cike ramin. Da la'asar Bakoji ya saɓa zarton ya nufi maƙera, ya ce a yanke masa shi a tsaka, a sa wa rabin ƙasa mariƙin hannu ɗaya. Maƙerin ya ɗaga ɗaya rabin.

"Wannan fa, Baba?"

"Ka yi lauje da shi," in ji Bakoji. "Ba mai shi."