Na'ibi Mai Kahraba da Bokitin Daggus

Duk wanda ya girma a unguwar Nuzla ta Jidda ya san Na'ibi mai kahraba, wato mai gyaran wutar lantarki. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ubansa. Kakansa ne ya zo hajji a ƙafa, ya manta hanyar komawa. Shekara arba'in yana jan waya a gidajen mutane ba tare da takardar shaida ba. In ka tambaye shi ita sai ya miƙo maka yatsunsa, waɗanda wuta ta gasa har sun daina jin zafin kofin shayi.

Da aka rushe unguwa, gidajen da ya san cikinsu suka koma fili, masu kiransa mu'allim, wato gwanin sana'a, suka watse. Sababbin gine-gine kuwa kamfani suke kira. Na'ibi ya tattara jakarsa ya tare wurin ƙanwarsa Ikilima, a wani tsohon gida cikin lungun Bani Malik. Mijinta ya rasu, ya bar mata hallaɗ, babban injin markaɗe na tebur da ya samo lokacin yana aiki a tashar jiragen ruwa. Da shi take markaɗa daggus, yajin ruwa da ake ci da shinkafa: tumatir, ɗanyen barkono, tafarnuwa, ganyen kuzbara, lemon tsami da gishiri. Bokiti guda kullum take kai wa Abdulghani mai gidan cin shinkafa da nama. Bokitin nan shi ne cinsu, shi ne shansu, shi ne rufin da ke kansu.

Sai dai wayoyin gidan sun girmi auren Ikilima. Sau biyu wuta na ɗaukewa tana tsakiyar markaɗe, sau biyu bokiti na makara. Abdulghani ya aiko a gaya mata, cikin ladabi, cewa in aka yi na uku zai koma sayen na kwalba.

"Yaya, ko a kira masu gyara?" in ji ta.

"Masu gyara? Ni kuma me nake, mai sayar da kankana?"

"Ai na ga hannunka yana rawa ne."

"Rawar murna yake, ya ga aiki."

Kwana biyar yana fasa bango. Ya zaro wayoyin da suka bushe suna karyewa kamar taliya, ya zura sababbi, yana gumi yana zagin wanda ya ja na farko, har ya tuna salon ɗaurin irin nasa ne, sai ya bar zagin. Ikilima ta koma markaɗe a bakin ƙofa, a soket ɗaya da ya bar mata.

To, tsofaffin gidajen Jidda wuta biyu gare su: ƙarama, mai ɗari da goma, da babba, mai ɗari biyu da ashirin. Ramin soket ɗin kuwa iri ɗaya. Don haka kowace uwar gida da dabararta. Ta Ikilima jan farce ce: duk soket mai babbar wuta ta ɗiga masa ja. Mai ja na na'urar sanyaya ɗaki ne da dutsen guga. Wanda ba ja, na hallaɗ ne. Shekara ashirin da wani abu hannunta bai taɓa kuskure ba.

Na'ibi kuwa so yake a san bai tsufa ba. Ya mayar da gidan gaba ɗaya babbar wuta, irin ta sababbin gine-gine, ya ɗaura soket farare tas. Bai faɗa mata ba, yana ajiye labarin sai ya gama, ya ga fuskarta. Tsohon firjin ma ya tuna da shi, ya cire shi daga wuta. Hallaɗ ne bai zo masa a rai ba, don shi a wurinsa wannan kayan mata ne, ba kayan wuta ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya ɗaure wayar ƙarshe, har da ta bakin ƙofa, ya shiga wanka yana waƙa. Ikilima ta duba bangon kicin, ba ja ko ɗaya. Ta yi bisimilla ta soka.

Injin ya yi wani ihu da bai taɓa yi ba, ya tofa tumatir har silin, sannan ya yi tsit. Wari ya cika gidan.

Na'ibi ya fito da kumfa a kunne. "Wa ya ce ki sa a nan?"

"Babu ja, Yaya."

"Ai duk gidan ja ne yanzu!"

Ta dube shi, ta dubi injin. "Duk gidan," ta maimaita a hankali. "Mabruk, barka da aiki."

Ya kwance gindin injin. Cikin ya narke, ya zama gawayi. Juma'a ce, kantuna a rufe sai an sauko daga masallaci, kuma daga masallaci mutane gidan Abdulghani suke nufa kai tsaye. Maƙwabciya ta ba da aron nata, ɗan mitsitsi mai cin kofi biyu, ya yi zafi a zubi na uku ya ƙi tashi. Ikilima ta jawo turmi. Ta daka, shi ma ya karɓa ya daka, barkono na fantsama masa a ido, bai ko goge ba. Abin da ya fito ruwa gefe, ɓawon tumatir gefe.

Shi ya ɗauki bokitin da kansa, bayan an sauko, rana tana dukan ƙeya. Ya tarar da layi har titi, kuma a kan kowane faranti akwai ɗan jan abu mai santsi, irin na kwalba.

Abdulghani ya buɗe murfin, ya leƙa, ya mayar. "Ya ammi, baffana, ka huta, ka sha ruwa."

"Ɗanɗana dai. Na hannu ne, irin na da."

"Na sani. Ka gaida Hajiya. Halas, shi ke nan, ka ce mata kada ta wahalar da kanta gobe."

"Wutar gidan ta gyaru fa. Wallahi ba za ta ƙara ɗaukewa ba, ni na ja ta."

Amma Abdulghani ya riga ya juya yana ƙwala wa masu zuba shinkafa kira.

Na'ibi ya dawo a ƙafa, da bokitin cike. A bakin lungu ya tsaya ya sauya hannu, ya sake sauyawa. Ikilima tana tsaye a taga. Ta ga yadda nauyin bokitin ke rinjayar kafaɗarsa. Ta sauko ta buɗe masa ƙofa, ta koma ciki.